Tsufan Kwabo Daban, Ƙarancinsa Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wani al'amari da na ga yana neman zama hanyar cutar bayin Allah, wato maganar tsofaffin kuɗin tsaba da ake yayatawa a wayoyi, ana cewa duk wanda ya tsinci ɗaya a ɗakin kakarsa ya yi sallama da talauci. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma na daɗe ina sha'awar tara tsofaffin sulalla, tun daga wani gwangwanin alewa da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi fataucin goro a zamanin da ake lissafi da fam da sule da sisi da taro.

Makonni kaɗan da suka wuce, ɗan wani maƙwabcina, saurayi mai hankali da ke sayar da kayan waya a bakin kasuwa, ya yi mini sallama bayan sallar isha'i, ya zauna a gefen tabarma, ya fara kwance wani ƙyalle a hankali kamar mai kwance laya. Abin da ke ciki farin kwabo ne mai huji na shekarar 1936. Ya ce mini: "Baba, an ce wannan na sarkin Ingilan nan ne da ya ajiye sarauta, kuma an ce 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya." Wani mutum da bai taɓa gani ba ya shaida masa ta waya cewa akwai mai saye a shirye, amma sai ya fara tura kuɗin gwaji da na rajista. Kafin ya zo wurina ya riga ya dirje kwabon da lemun tsami da toka har yana ɗaukar ido. Ban ce masa komai ba sai da na ɗauko gwangwanina na zazzage a kan tabarma, na tsamo masa guda huɗu irin nasa sak, na jera su kusa da shi a ƙarƙashin fitila. Ya daɗe yana kallonsu bai yi magana ba.

Abin da nake so in bayyana wa masu karatu shi ne abin da na bayyana masa a daren nan. Gaskiya ne akwai kuɗin tsaba da ake saye da tsada mai ban mamaki a kasuwannin duniya, kuma da yawa daga cikinsu kuskure ne da aka yi a wajen buga su ya ɗaukaka darajarsu. Sai dai wannan fage ne mai ƙa'idoji, wanda masu shi suka shafe shekaru suna ƙirge da rubutawa, kuma tsufa shi kaɗai ba ya cikin abubuwan da ke sa ƙwayar kuɗi ta yi wuyar samu.

Kafin a fahimci kuskuren, sai an san yadda ake buga kuɗin. Ba narkakken ƙarfe ake zubawa a mazubi ba, kamar yadda masu ƙera tukwane suke yi a kasuwanninmu. Ana murza ƙarfe ne ya zama dogon falle mai kaurin da ake so, a huhhuda shi a fitar da 'yan faya-faye zagayayyu marasa rubutu, sannan a sa kowane faifai tsakanin hatimai biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da wani zobe da ke riƙe gefensa, inji ya danne su da ƙarfin gaske a bugu ɗaya, zanen fuska da na baya su fito a lokaci guda. Shi kansa hatimin ba a sassaƙa kowanne da hannu. Akwai uwar hatimi, wadda zanenta yake a tashe kamar yadda zai fito a jikin kuɗin, ita ake dannawa a kan ɗanyen ƙarfe ta bar zanen a lotse, daga nan a gasa ƙarfen ya yi tauri ya zama hatimin aiki. Hatimi guda yakan buga ɗaruruwan dubban ƙwayoyi kafin ya gaji a canza shi, kuma injinan zamani suna fitar da ɗaruruwa a cikin minti guda.

Wanda ya riƙe wannan bayani zai ga cewa aibin da ke jikin ƙwayar kuɗi yana iya fitowa daga wurare daban-daban. Wani aibin yana jikin hatimin ne, saboda haka duk ƙwayar da hatimin ya buga za ta fito da shi iri ɗaya, a wuri ɗaya, kamar yadda hatimin ofishin da harafi guda ya gutsure zai bar gurbi ɗaya a kan kowace takarda da aka buga masa. Wani aibin kuma na bugu ɗaya ne tak: faifan bai zauna daidai ba sai zanen ya fito a karkace rabi babu komai, ko aka buga shi sau biyu, ko faifan wani kuɗin daban ya faɗo cikin injin. Akwai kuma abin da ya sami kuɗin bayan ya bar masana'anta, kamar tsatsa, da lotsawa, da cin wuta, da hujin maƙeri, da taka shi da mota ta yi. Wannan na ƙarshe lalacewa ce kawai, ba ta ƙara masa ko anini, kuma a cikin abubuwan da mutane suke kawo mini su ce kuskuren masana'anta ne, kusan dukkansu daga wannan rukuni suke.

Misalin da ya fi shahara a kan aibin hatimi shi ne santi ɗaya na Amurka, wato kwabonsu, na shekarar 1955, mai hoton Abraham Lincoln, wanda aka buga a birnin Filadelfiya. A wancan zamani sai an danna uwar hatimi fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna sosai a jikin hatimin aiki, ana tausasa ƙarfen da wuta tsakanin dannawa da dannawa. A kan wani hatimi guda, da aka zo dannawa ta biyu sai aka ɗan juya shi kaɗan daga inda yake da farko, shi ke nan sai shekarar da duk rubuce-rubucen fuskar suka fito biyu-biyu, a fili ƙarara, har mai raunin gani yana iya lura ba tare da gilashi ba. An ɗora hatimin a inji ya yi ta bugu, kuma kafin a farga ya fitar da kimanin dubu 40. Wajen dubu 20 zuwa 24 daga cikinsu sun riga sun cakuɗe da miliyoyin lafiyayyu, hukumomin masana'antar kuwa suka ga narkar da tarin gaba ɗaya saboda su asara ce, sai suka bar su suka fita. Da yawansu sun ɓulla a arewa maso gabashin ƙasar, wasu a cikin ledar kwalin sigari, domin a lokacin na'urorin sayar da sigari suna karɓar santi 25 ne alhali kwalin santi 23 yake, sai dillalai su cusa canjin santi biyu a cikin ledar. A wannan shekara masana'antar Filadelfiya ta buga santi ɗaya sama da miliyan 330. Ke nan duk wanda ya ji an ce santin 1955 yana tsada, ya ruga ya sayi kowane santin 1955 da ya gani, ganin kitse ya yi wa rogo: ainihin mai ninki ko ya sha yawo a hannun mutane yana haura dalar Amurka dubu, ɗan'uwansa lafiyayye kuwa ba ya sayen ko ruwan leda.

A nan ma akwai tarko, domin ba kowane ninki ne ninkin hatimi ba. Idan hatimi ya yi sako-sako a cikin inji ya ɗan goce a daidai lokacin bugu, yakan bar wani ɗan dakali shimfiɗaɗɗe a gefen haruffa, wanda sabon shiga zai ɗauka ninki ne. Masu ido sun san bambancin: ninkin hatimi yana da tudu da cika kamar harafi na biyu ne sosai, kuma ƙarshen haruffan yakan rabu gida biyu, shi kuwa na gocewa yankar harafin yake yi ya rage masa kauri. Na gocewar yana da yawa ƙwarai, kuma masu tarawa ba su ba shi wata daraja.

Wani lokaci gyara ne yake haifar da aibin. A shekarar 1937, a masana'antar Denver ta Amurka, an goge wani hatimin santi biyar mai hoton ɓauna domin a kawar da wasu tabbai da suka same shi, aka wuce gona da iri har ƙafar gaba ɗaya ta shafe, sai ga ɓauna mai ƙafa uku ta shiga kasuwa. Tun da ta yi suna, 'yan damfara suke sa magagari suna kankare ƙafar lafiyayyar ɓauna su sayar wa marasa sani, abin da ya sa masana ba su tsayawa a kan rashin ƙafar, sai sun duba wasu ƙananan alamomi da wancan hatimin kaɗai yake da su.

Na faifan da ya faɗo inda ba wurinsa ba kuwa, babu kamar labarin 1943. A wannan shekara Amurka tana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, tana buƙatar jan ƙarfe domin kayan yaƙi, sai aka koma buga santi ɗaya da baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da tutiya, aka fitar da sama da biliyan guda. Wasu 'yan faya-fayen tagulla na shekarar da ta gabata sun maƙale a cikin kayan aiki, suka bi sahu aka buga su da hatimin 1943. Waɗanda aka tabbatar da ingancinsu 'yan ƙalilan ne, kuma guda ɗaya tak da aka sani daga Denver an sayar da ita dalar Amurka miliyan 1.7 a shekarar 2010. Irin wannan labarin ne masu tura saƙonni suke ɗauka su yanke masa kai da ƙafa. Abin da ba su faɗa shi ne jabun wannan santi ya ninka na gaskiya sau dubbai, wasu baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, wasu kuma na 1948 ne aka sassaƙe lamba 8 ta koma 3. Maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfen nan take, sikelin maƙeran zinariya kuma yana raba gardama, domin na tagulla giram 3.11 ne, na baƙin ƙarfe kuwa 2.7.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki a wannan fage, kuma ina ganin shi ne zuciyar maganar. Ƙwayar da aka buga a karkace, a zahiri ita kaɗai ce irinta a duniya, domin babu wata da ta karkace daidai yadda ta karkace, amma sau da yawa kuɗinta kaɗan ne. Santin 1955 kuwa, wanda dubbai suka fita, yana tsada. Dalili shi ne karkatattun, ko da yake kowace da irin tata karkatar, jinsinsu yana da yawa, kowace shekara injina suna tofo su, kuma mai tarawa idan ya sami guda ɗaya ta ishe shi misali. Shi kuwa aibin hatimi yana da suna da shekara da lamba a cikin kundayen masu tarawa, an san yadda ya auku, ana iya gwada kowace ƙwaya da 'yar'uwarta a tabbatar, kuma dubban mutane masu son cika jerinsu suna nemansa a lokaci guda. Saboda haka idan ana maganar ƙaranci, ana tambayar nawa hatimin ya buga kafin a farga, nawa suka tsere wa masu dubawa suka fita, nawa suka rayu har yau a cikin kyakkyawan yanayi, sannan mutum nawa ne suke riƙe da kuɗi suna jira. Idan babu masu jiran, ƙaranci shi kaɗai ba ya sa farashi.

Ko da akwai masu jiran ma, farashin farko na ɗoki ne. A shekarar 2008 Birtaniya ta sauya zanen kuɗin tsabarta, ta ɗauke shekara daga bayan ƙwayar ta mayar da ita fuskar da ke da hoton Sarauniya. A wajen buga fenni 20, sai aka haɗa tsohon hatimin fuska, wanda ba shi da shekara, da sabon hatimin baya, wanda shi ma ba shi da ita, kuɗi suka fita babu shekara ko ta ina. Da labarin ya fasu an sami waɗanda suka biya dubban fam a kan guda ɗaya, amma da ta bayyana cewa adadinsu yana iya kusantar dubu 250, sai farashin ya sauko ya zauna a wajen fam hamsin. Wanda ya saya a makon ɗoki shi ya kwana a ciki.

Irin wannan kuskure na haɗa hatimai biyu da ba a yi su domin juna ba, masu tarawa suna kiransa alfadari, kuma sunan ya dace, tun da uwa daban uba daban. A shekarar 2000 Amurkawa sun sami nasu, fuskar santi 25 mai hoton George Washington haɗe da bayan dala ɗaya mai gaggafa, kuma waɗanda aka sani ba su wuce kimanin ashirin ba, shi ya sa wasunsu suka haura dala dubu ɗari a gwanjo. A 1967 ma an buga santi biyu na New Zealand da fuskar kuɗin tsibiran Bahamas, saboda masana'antar Landan ce take buga wa ƙasashen biyu. Na kawo maganar alfadari ne domin a nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye, kuma abin takaici, mu da kuɗin suka yi yawo a hannun iyayenmu mu ne muka fi kowa rashin saninsa.

Kuɗin tsabar da Turawan mulki suka buga musamman domin yankinmu sun fara shigo mana a shekarar 1907, kwabo da anini, masu huji a tsakiya domin a zura su a igiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da ƙimarsu a rubuce da haruffan Larabci a fuska saboda masu karatun allo. Aninin farko da sanholo aka yi shi, kuma ana lissafa shi cikin kuɗaɗen sanholo na farko da suka yi yawo a hannun jama'a a duniya, sai dai bai jure yanayinmu ba, aka canza masa ƙarfe a 1908. Na farko-farkon suna ɗauke da sunan Nijeriya, daga baya aka cire shi, aka bar sunan Afirka ta Yamma ta Birtaniya kawai, domin hukumar kuɗin da aka kafa a 1912 tana kula da Nijeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya ne gaba ɗaya. Ba a masana'anta ɗaya ake buga su ba. Wanda ba shi da wata alama na masana'antar gwamnati ne ta Landan, mai ɗan ƙaramin harafin H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, mai KN kuwa na King's Norton ne, shi ma a Birmingham. Wannan ɗan harafi, wanda sai an sa ido sosai ake ganinsa, sau da yawa shi ne yake raba kwabon da ya cika kasuwa da wanda ake wahalar samu a cikin shekara guda.

To, a shekarar 1936 kamfanin Heaton yana buga mana kwabo, yana kuma buga wa Afirka ta Gabas santi goma, dukansu masu huji, girmansu kusan ɗaya, dukansu da sunan Sarki Edward na Takwas da kambun sarauta a saman hujin. Sai aka ɗora hatimin fuskar kuɗin Afirka ta Gabas tare da hatimin bayan namu, aka sami kwabon da bayansa yake da tauraronmu da sunan Afirka ta Yamma, fuskarsa kuwa tana cewa santi goma, kuma babu rubutun Larabci. An sake samun wani alfadarin mai shekarar 1945 da sunan wannan Edward ɗin, shekara tara bayan ya bar gadon sarauta. Na ukun shi ya fi burge ni: kwabon tagulla mai shekarar 1956 da harafin H, amma da sunan Sarki George na Shida, wanda ya rasu tun watan Fabrairun 1952. Wato a shekarar da Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna, an buga wasu kwabbai a Birmingham da sunan mahaifinta da ya shekara huɗu a kabari. Dukkan ukun suna da gurbinsu daban a kundayen masu tarawa, kuma farashinsu ya ninka na 'yan'uwansu lafiyayyu sau da yawa. Tun da domin yankinmu aka buga su, ba abin mamaki ba ne idan wani yana kwance a cikin wata tsohuwar adaka a Kano ko Katsina ko Kumasi, ana ta wuce shi ana neman abin da babu.

Wannan ya dawo da ni kan kwabon yaron maƙwabcina. Gaskiya ne Edward na Takwas ya hau sarauta a Janairun 1936 ya sauka a Disambar wannan shekarar, kuma gaskiya ne kuɗin Ingila masu hotonsa ba su fita ga jama'a ba, na gwaji kaɗan ne suka rage, su ne ake biyan maƙudan kuɗi a kansu. Amma namu kwabbai ba su buƙatar hoto, tun da huji ya cinye wurin da kan sarki zai zauna, suna kawai ake rubutawa, saboda haka an buga su da wuri, miliyoyi, a dukkan masana'antun uku. Masu damfara suna ɗaukar gaskiyar da ta shafi kuɗin Ingila su jingina ta a kan kwabonmu. Mun duba nasa tare da gilashin ƙara girma, fuskarsa tana cewa kwabo ɗaya, ga Larabcinsa a ƙasa, lafiyayye ne kamar huɗun da ke gwangwanina.

Wata ƙwayar da ake yawan ruɗar mutane da ita ita ce tsohuwar dalar azurfa mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta hamada, ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa, mata kuma suka yi ado da ita. Mutum zai ga 1780 a jikinta ya ce shekararta ta haura ɗari biyu da arba'in. Abin da ya faru shi ne sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu ba su yarda da wata azurfa kamar tata ba, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba canji, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Burusal da Bombay, har adadinta ya haura miliyan 300, kuma Ostiriya tana buga ta har yanzu. Yawancinsu darajarsu ita ce darajar azurfar da ke jikinsu, wato kimanin giram 28 na ƙarfen da kashi 83 cikin ɗari nasa azurfa ce. Amma a nan ma ilimin hatimi yana aiki, domin masana suna gane inda aka buga kowace, da zamanin da aka buga ta, ta hanyar ƙirga gashin jelar gaggafa, da duwatsun maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar, da siffar 'yar alamar da ke bin shekarar. Bugun farko-farko yana da wuyar samu, sai dai ba a gane shi da shekarar da kowace take ɗauke da ita.

Dole in yi magana a kan huji da wanki, domin su ne suka fi lalata abin da ke hannunmu. Kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini da hujinsu aka haife su, kuma idan aka sami wanda masana'anta ta manta ba ta huda ba, ko ta huda shi a gefe, wannan kuskure ne na gaske. Amma sule da fataka da dala ba su da huji, duk wanda aka gani a jikinsu maƙeri ne ya yi shi domin a rataya a wuya ko a kitso, haka ma ɗan kunnen da ake lanƙaya musu da dalma. Wannan ado tarihi ne mai daraja a wurinmu, ni kaina ina ajiye da guda biyu da mahaifiyata ta rataya, sai dai mai tara kuɗin tsaba yana ɗaukarsa lahani. Wanki kuwa ya fi komai ɓarna. Duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfe shi ne shaidar cewa ba a taɓa shi ba, kuma toka da lemun tsami da soson ƙarfe suna barin dubban ƙananan karce da gilashi yake nunawa nan take. Masu wannan kasuwa suna auna lafiyar ƙwaya da maki daga 1 zuwa 70, wadda aka dirje kuwa ba su ma ba ta maki, sai su rubuta cewa an wanke ta, farashinta ya faɗi warwas. Da a ce kwabon yaron nan alfadarin ne na gaske, da ya zubar da babban kaso na darajarsa da hannunsa a bakin rijiya.

Game da kuɗin gwaji da aka nemi ya tura, ya kamata masu karatu su san yadda cinikin gaskiya yake gudana. Gidajen gwanjo suna cire ladansu ne daga cikin abin da aka sayar, bayan an sayar. Kamfanonin tantancewa, irin su PCGS da NGC na Amurka, suna karɓar kuɗin aiki, amma su ba masu saye ba ne, ba su bin mutum a waya, kuma ba su yi masa alkawarin farashi kafin su ga abin. Duk wanda ya haɗa alkawarin miliyoyi da neman a fara tura masa wani abu, kuɗin da za a tura ɗin ne kasuwarsa.

Ina da ƙorafi ɗaya da nake fata zai isa kunnen waɗanda abin ya shafa. Babban Bankin Nijeriya yana da gidan adana tarihin kuɗi a Abuja, gidajen tarihinmu irin su Gidan Makama na Kano suna nan, jami'o'inmu kuma suna da sassan tarihi, amma har yau wanda yake son sanin bambancin kwabon H da na KN, ko bambance-bambancen da ke cikin kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959 da kwabbanmu na 1973 masu hoton gyaɗa da koko da rijiyoyin mai, sai ya nemi kundayen da aka rubuta a Turai da Amurka. Ɗan ƙaramin littafi da Hausa, mai hotunan fuska da baya na kowace ƙwaya da bayanin wadda ta yi yawa da wadda ta yi ƙaranci, zai toshe bakin 'yan damfara fiye da kowane gargaɗi, kuma zai hana a ci gaba da kai tsofaffin sulalla wurin masu narkarwa ana auna su a sikeli kamar gwangwan.

Kafin a kai ga haka, ina roƙon Edita ya ba da wani ɗan gurbi a jaridar nan ga masu karatu da ke da irin waɗannan kuɗi. Wanda ya ga kwabon 1956 mai sunan George, ko na 1945 mai sunan Edward, ko na 1936 mai tauraro a baya da santi goma a fuska, ya ɗauki hotonsa gaba da baya a cikin hasken rana, ya aiko a buga kowa ya gani, kuma don Allah kada ya wanke shi. Yaron maƙwabcina bai tura kuɗin gwajin ba. Ya ari gilashina, ya ce zai je ƙauye ya duba sauran da ke cikin kwallar kakarsa, kuma har yau bai dawo mini da shi ba.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Kano